"Borrow" da "Lend": Jawabi ga Malaman Firamare a Dagumawa

 

An ba ni dama in yi magana a kan kalma guda ta Turanci, na kuwa zaɓi "borrow", domin babu malamin da bai taɓa jin yaro ya ce wa na kusa da shi "borrow me your biro" ba. Galibi mukan yi masa tsawa, wani ma har da bulala. Ni a ganina yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Nahawun Hausa yake bi daidai, sai dai ya sa masa rigar Turanci.

Ku duba yadda muke yi. Saiwar kalma ɗaya ce ke ɗaukar mai bayarwa da mai karɓa: "na ara masa littafi", "na ari littafi". Haka "na ranta masa kuɗi" da "na ranci kuɗi", haka "na koya masa" da "na koyi karatu". Wasalin ƙarshe da karin sauti su ke nuna inda abu ya nufa, wato tsarin ajin aikatau da F. W. Parsons ya fayyace a 1960, wanda da yawanmu muka sha fama da shi a kwalejin ilimi. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu: mai karɓa yana da "borrow", mai bayarwa yana da "lend". Yaron da aka ba wa kalma ɗaya, aka ce masa ma'anarta "aro", dole ya aike ta ko'ina. Ba mu kaɗai ba ne ma; a Jamusanci "borgen" na nufin duka biyun.

Asalin kalmar zai taimaka. A tsohon Turancin da ake yi a Ingila kafin 1066, sifarta "borgian" ce, daga "borg", wato jingina ko lamuni. Ke nan ma'anar tana da alaƙa da mai karɓa, wanda ya ajiye wani abu ko ya kawo mai tsaya masa kafin a ba shi. Ɗan manomin da ya san jinginar gona, ko ya ga yadda dillali ke tsaya wa baƙo a karar Wudil ranar Juma'a, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

A wani wurin ma Hausa ta fi zurfafawa. Mu mun bambanta aro, inda ake mayar da abin da kansa, da rance, inda ake mayar da kwatankwacinsa. Ba a aron gero, rance ake yi. Bature duk "borrow" yake cewa, keke ne ko kuɗi. Akwai kuma aron da muke koyarwa a darasin lissafi, inda ake aro ɗaya daga gidan gomomi, ba a kuwa taɓa mayarwa.

Abin da ke gabanmu shi ne jarrabawa. Mai duba takardar shiga sakandare, da na WAEC da NECO daga baya, ba ya karɓar "borrow me" a madadin "lend me", komai yawan masu faɗarsa a titi. Maki ne ke zubewa a kan abin da za a iya gyarawa tun aji uku.

Shawarata ita ce mu daina koyar da kalmar ita kaɗai. A haɗa ta da abokiyar tafiyarta: "borrow from", "lend to". A tsayar da yara biyu gaban allo, biro a hannun ɗaya. Mai miƙawa ya ce "na ara maka", sannan "I lend you". Mai karɓa ya ce "na ara daga wurinka", sannan "I borrow from you". Su yi musanya, su sake. Manufar ilimi ta ƙasa ta shekarar 1977 ta amince da darajar harshen uwa a azuzuwan farko, saboda haka kada wani ya ji kunyar fara bayanin da Hausa. Mai son gwadawa ya fara ranar Litinin, in mun haɗu a taro na gaba mu ji yadda aka ƙare.