Jawabi ga iyayen Dakoro kan dukan yaro da na mace



Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara tun 1990, amma takarda ba ta taɓa riƙe hannun uban da ya ɗaga dorina ba. Kaka ta doki uba, uba ya doki ɗa, muka raɗa wa abin suna tarbiyya.

A Damagaram, tun 2008, aka fara "makarantar mazaje", inda magidanta ke zama suna yi wa juna gyara kan lafiyar matansu. Me zai hana mu kafa irinta daga nan har Kornaka, mu sa maganar duka a ciki? Liman da mai gari su zauna gaba, tabarma kuwa muna da ita.