Kasuwa da Gida Ba Sa Hana Karatu

Jawabin da wata mambarmu, 'yar kasuwa kuma ɗaliba a ajin yaƙi da jahilci, ta gabatar a taron zagayowar shekarar ƙungiya



Shugabarmu, ma'aji da sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da wannan rana. Allah da ya nuna mana ta bana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya.

An ce in yi magana a kan yadda mace za ta haɗa kasuwa da gida da makaranta, ta kuma kula da cinta da lafiyar jikinta. Ni dai ba malama ba ce. Kayan miya nake sayarwa a Kasuwar Rimi, su kuka da kuɓewa da daddawa da barkono. Shekaruna sun haura arba'in, kuma kwana uku a mako ina zama a benci a ajin yaƙi da jahilci. Wannan takarda da ke hannuna ni na rubuta ta, malamarmu ta duba min.

Abin da ya sa na karɓi maganar nan shi ne wani abu da dukkanmu muna gani. Ranar da aka buɗe rajista, aji cika yake yi har wasu su zauna a tabarma. Kafin a yi wata uku, sai ki ga benci ya fara yin fili. In kika haɗu da 'yar'uwa kika ce, “Yaya, lafiya kwana biyu ba ki zuwa?” amsar ɗaya ce: “Wallahi babu lokaci.” Kuma ba ƙarya take yi ba. Amma ku lura da abin da muke fara ajiyewa in abubuwa suka cushe. Ba ma rufe rumfa, ba ma fasa ɗora tukunya. Aji muke fara bari, sai abincin bakinmu, sai lafiyar jikinmu. Alhali waɗannan ukun su ne suke riƙe da rumfar da tukunyar.

Ku tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuyar gani. Ciniki ya koma na tiransifa. Mai saye ya nuna miki waya ya ce ya tura, ke kuma sai kin nemi ɗan maƙwabcin rumfa ya duba miki ko alat ya shigo. Wadda ta iya karatu ta duba wayarta da kanta, ta ga suna, ta ga adadi. Wadda ba ta iya ba, sai dai ta yarda da bakin mutum, ko ta ba yaro lambar sirrinta. Mun san waɗanda aka ɗauke wa kaya da alat na bogi. Haka ma bashi: wanda aka riƙe a ka, ranar biya sai an yi rantse-rantse, wani lokacin har zumunci ya ɓaci. Ga takardun rance na ƙungiyar nan, da yawanmu har yanzu dangwala yatsa muke yi a kan abin da ba mu karanta ba. Don haka karatun nan ba kwalliya ba ne, jari ne.

Kuma ba mu muka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna koyar da matan aure da tsofaffi, abin da aka sani da 'Yan Taru. A nan Kano, a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya, har ta samu lambar yabo daga UNESCO. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta shiga ajin manya irin namu, ta zo ta rubuta littattafai, har an fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci. An ce gemu ba ya hana ilimi. To mu ba mu da gemu, amma furfura ma ba ta hanawa.

Bari in fara da rubutu, domin shi ya fi kora mata daga aji. Karatu da sauƙi, ki bi haruffa ki haɗa. Amma ranar da malama ta ce, “Kowa ta rubuto insha'i shafi ɗaya a kan sana'arta,” sai ki ga mace mai iya yin ciniki da mutum biyar a lokaci guda ta zauna tana kallon takarda, biro yana rawa a hannunta. Abin da na gane shi ne, ba magana muka rasa ba, hanyar sauke ta a takarda ce ba mu saba da ita ba. Ga yadda nake yi. Da farko in faɗi abin da baki, in naɗa a waya kamar zan tura wa ƙawata saƙon murya a WhatsApp. Sai in saurara, in tsamo abu uku da suka fi muhimmanci, in rubuta su a bayan kwali, kalma bibbiyu kawai. Daga nan kowane ɗaya in ba shi layi huɗu ko biyar. Gabatarwa ita nake rubutawa a ƙarshe, domin sai na san abin da na faɗa sannan zan san yadda zan buɗe shi. In na gama, sai in karanta da ƙarfi. Duk inda harshena ya sarƙe, nan ne gyara yake. Ku kuma kula da haruffa masu lanƙwasa, domin kafa daban, ƙafa daban, bari daban, ɓari daban.

Yaushe ake wannan duka? Kada ki jira ranar da za ki samu awa biyu babu mai kiran ki, ranar nan ba ta zuwa. A kasuwa, tsakanin azahar da la'asar ciniki yakan lafa. Wannan ɗan tsakanin da muke cika shi da hira, minti ashirin daga cikinsa ya ishe ki layi biyar. Littafina a ƙarƙashin faifan kuka yake zama, biro a ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa. Sannan na mai da littafin ciniki ya zama aikin gida: suna, kaya, kuɗi, kwanan wata. Kullum sai na rubuta, ko ba malama ta sa ba. Da daddare kuwa ba na dogara da shi, domin jiki ya mutu, wuta kuma ba tabbas.

Akwai wani abu da nake so yayyena su ji da kyau. In kin wuce arba'in kika ga haruffa suna haɗewa, sai kin nisanta littafi kafin ki gani, ko kanki ya riƙa ciwo in kin yi karatu, kada ki ce ƙwaƙwalwarki ce ta toshe. Sau da yawa ido ne, kuma abu ne da yake zuwa wa kusan kowa a wannan shekaru. Ki je asibiti a auna, a rubuta miki tabarau. Akwai matan da suka bar aji suna cewa ba su da kai, alhali tabarau kawai suke buƙata.

Sai abinci. Mu da muke sayar da kayan miya mu ne muka fi kowa cin abin da muka ga dama. Mace ta fito da safe da ruwan shayi, sukari cokali uku, ta wuni a kan lemon kwalba da cincin, sai dare ta cika ciki da tuwo ta kwanta. Da wannan cikin za ki zauna a aji ƙarfe huɗu? Gyangyaɗi kawai za ki yi. Ni abin da ya sauƙaƙa min shi ne yin shiri tun dare. In jiƙa wake kafin in kwanta. Markaɗe sau biyu a mako, in tafasa shi ya tsane sosai, in soya, ya ɗan kwana biyu ko babu firji, in dai ana ɗumama shi. Ranar makaranta ba na ɗora girki mai wahala: miyar kuka ce ko busasshiyar kuɓewa, ko shinkafa da wake. In zan fita, in zuba nawa a kula tare da na yara, in haɗa da kwaɗon zogale ko na rama, da gorar ruwa. Ya fi arha, ya fi riƙe ciki.

A kan gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Ku lissafa dunƙule nawa muke jefawa a tukunya, sannan mu ƙara gishiri, sannan ga yaji a gefe shi ma da nasa. Ba don ina sayar da daddawa ba, amma in kika sa ta da kyau, da albasa da citta, za ki rage dunƙule miya ba ta lami ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mace tana iya yawo da shi shekara da shekaru ba ta sani ba, sai ranar da ta faɗi. Awon ba ya cin minti biyar. Mu riƙa yi.

Maganar motsa jiki nakan ji ana dariya, ana cewa, “Mu da muke aiki tun asuba, wane motsa jiki kuma?” Ai gajiya daban, motsi daban. Ki duba wunin 'yar kasuwa: daga adaidaita sahu zuwa kujera 'yar tsugunno, a zauna tun hantsi har yamma, a koma adaidaita. Shi ya sa gwiwa da baya suke kuka. Ita dai hukumar lafiyar ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsi irin tafiya da ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Ba sai kin sa kayan 'yan ƙwallo ba, da hijabinki za ki yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya tashi, ni da maƙwabtana biyu muke sauka kafin mu iso, mu ƙarasa da ƙafa. Kuɗi ya ragu, jiki ya saki, a hanya kuma muna yi wa juna bitar karatu. A rumfa ma, duk bayan ɗan lokaci ki miƙe, ki gyara kaya da kanki maimakon aiken yaro. Wadda take da ciwo kuma ta fara jin shawarar likita.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi, kuma da iyalanmu nake. Duk dabarun nan ba za su yi aiki ba in mace ita kaɗai take ɗauke da gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayen gida, mun gode da kuka bar mu muna zuwa. Abin da muke roƙo ƙari shi ne awa biyun nan ta aji ta zama tamu: in abinci ya ɗan makara ranar, a yi mana haƙuri, in baƙi sun zo kada a aika a taso mu. Matar da ta iya karatu ita za ta karanta takardar maganin yaro, ta duba sakamakon jarrabawarsa, ta riƙe lissafin gida. Ribar a gidanku take sauka. 'Ya'yanmu, maza da mata, wanke-wanke da ɗebo ruwa ba na 'ya mace kaɗai ba ne. In kun ga mamanku ta rubuta harafi a juye, kada ku yi dariya, ku zauna ku nuna mata, kamar yadda ta riƙe hannunku kuna koyon tafiya. Amma fa kada ku yi mata aikin, malama tana gane rubutun ɗan sakandare. Masu abokan zama kuma, a daidaita ranar girki da ranar aji, yau ke gobe ita.

Akwai lokutan da dole abu ya ragu: azumi, cinikin sallah, biki, jinya, haihuwa. In haka ta zo, ki rage, kada ki yanke. Ko layi ɗaya ne a rana ki rubuta. Ki aika wa malama cewa kina nan. In kin yi sati uku ba ki je ba, kada kunya ta hana ki komawa, bencinki yana nan, babu mai tuhumar ki.

A ƙarshe ina da roƙo uku ga ƙungiya, in shugabanni sun ga ya dace. Na ɗaya, mu haɗa kanmu bibbiyu, masu rumfa kusa da juna, ranar ajin ɗaya ɗayar ta riƙe mata kaya, don kada tsoron rasa cinikin yamma ya hana kowa zuwa. Na biyu, a ware ɗan wani abu daga asusu don rancen tabarau da littattafai, a riƙa biya a hankali kamar zubin adashi. Na uku, a kowane taro a ba ɗaya daga cikin 'yan aji ta karanta rahoton zaman da ya wuce, ko da za ta yi a hankali, mu kuma mu yi haƙuri mu saurara. In muka yi haka, ina sa ran taron baɗi masu sa hannu da biro a takardar rance za su fi masu dangwala yatsa yawa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu da 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya.