Haƙƙin Jariri a Watanni Shida na Farkon Rayuwarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyayensu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa maza da mata, mun saba idan aka ce haƙƙin jariri sai hankalinmu ya tafi ga ragon suna da aski da zaɓen suna mai kyau. Duk waɗannan Sunna ne, ba mu raina su ba. To amma akwai haƙƙin da ya riga su, domin shi tun daga sa'ar haihuwa yake farawa, wato nonon uwa da lafiyar uwar da za ta shayar. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwar shekara biyu ga mai son cikawa, ta ɗora ci da suturar mai shayarwa a wuyan uba, ta kuma sanya yaye ya zama da shawarar su biyun. Saboda haka kada wani magidanci a nan ya ɗauka rakiya ya zo.

Mu fara da dakashi, wato nonon nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da yake fitowa a kwana biyu zuwa uku na farko. Har yau akwai gidajen da ake matse shi a zubar, wai ƙazanta ne, sai a riƙa ɗura wa jariri ruwan ɗumi ko madarar akuya ko rubutu kafin nono ya wanke. Wannan ba shi da asali a Alƙur'ani ko Sunna, ilimin likita kuma ya nuna ɓarna ce. Dakashi cike yake da sinadaran kariya da suke lulluɓe hanjin jariri, su tsare shi daga gudawa da wasu cututtuka, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Masu cewa ya yi kaɗan su sani, a ranar farko cikin jariri kimanin ƙaramin cokalin shayi yake ɗauka a kowane sha. A sa shi a nono cikin sa'a ta farko, domin tsotsonsa yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ne gardama ta fi yawa. Idan zafin Afrilu ya tsananta, kakar yaro za ta ce ƙishirwa za ta kashe mata jika, kuma tausayi ne ya sa ta faɗa. A yi mata bayani da ladabi cewa kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan nono zalla har wata shida, ban da maganin da likita ya rubuta. Ruwa yana cika ɗan cikin yaro ya rage tsotso, idan tsotso ya ragu nono ya ragu, ga kuma ƙwayoyin cuta da ruwan randa ko na rijiya kan ɗauko. Uwar ce za ta sha ruwa ta ƙoshi. Alamar nono yana isar yaro ita ce ya yi fitsari sau shida ko fiye a yini da dare bayan makon farko. Yakan ɗan rame a kwanakin farko, nauyinsa ya dawo wajen mako biyu, ya ninka wajen wata biyar.

Wani zai ce, ina batun tahniki? Tahniki ya tabbata, Manzon Allah ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu lokacin da mahaifiyarsa Asma'u ta kawo shi. Amma ɗan abin dabino ne da aka tausasa aka shafa a dasashi, ba ciyarwa ba ne. Zuma kuwa, duk da falalarta, ba a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin babba yake iya kawar da ita, amma a jariri tana iya shanye jiki har numfashi ya gagara.

Ku dubi hikimar halitta. Sabon jariri ba ya gani sosai sai abin da yake kusa da idonsa, daidai tazarar da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Muryarta kuwa tun yana ciki ya saba da ita. Wajen mako shida zuwa takwas zai fara mayar da murmushi, wajen wata huɗu wuyansa ya tsaya, wajen wata shida ya fara zama da tallafi. Yana neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, shi ya sa yake tashi cikin dare. Kukansa yakan ƙaru wajen mako shida, ya lafa bayan wata uku. Ba mayu ba ne, ba aljanu ba ne, balle a ɗaura masa laya. Kuma komai gajiya kada a jijjiga shi da ƙarfi, domin hakan yana zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Abin tsoro shi ne ya ƙi kama nono, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashi da sauri, ko idanu su yi ruwan ɗorawa, ko maɗiga ta faɗa. Wannan na asibiti ne, ko da tsakar dare.

Cire beli da wanzami yake yi, da shafa wa cibiya toka ko man goge baki, a bar su. Suna jawo zubar jini da cutar sarƙewar haƙora. Rigakafi kuma ana fara shi da haihuwa, sannan mako 6 da 10 da 14.

Yanzu ga taku, magidanta. Malaman tarihi sun kawo cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya ji jariri yana ta kuka da dare, ya bincika ya tarar uwarsa tana gaggawar yaye shi ne saboda Baitulmali ba ya ba yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye ya canza dokar, ya sanya rabo ga kowane jariri tun daga haihuwa. Shugaba ke nan ya gyara tsarin dukiya domin nonon yaro guda. Mu kuwa sai mutum ya ci bashi don shagalin suna, bayan mako biyu mai jego tana shayarwa da gayan tuwo. Wake da gyaɗa da ƙwai da zogale da ɗan nama a kai a kai sun fi mata amfani a kan turamen atamfa. Idan azumi ya zo tana tsoron cutuwar kanta ko ɗanta, Shari'a ta yi mata rangwame, kada miji ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata.

Wankan jego na kwana arba'in da tafasasshen ruwa al'ada ce, ba ibada ba. Abin da addini ya wajabta wanka ɗaya ne idan jinin biƙi ya ɗauke. A shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matan Hausawa, suka danganta shi da zafin wankan da gishirin kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna hawan jinin masu ciki da rama da talauci suna da babban hannu a ciki. Ko ma yaya ne, ruwa mai ɗumi ya wadatar, kanwa kuma ba ta dace da mai hawan jini ba. Idan ka ga mai jego ƙafafunta sun kumbura, tana haki, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada ka jira arba'in ta cika, kada ka ce sanyi ne a ƙara wuta. Ka ɗauke ta zuwa asibiti a ranar.

Allah Ya raya mana zuriya a kan Sunna, Ya ba masu jego lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.