Jijiyar Bayan Gwiwa: Awa Shida Kacal

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Wurno da Rabah da Goronyo, inda aikin fadama ya sa kullum mazajenmu da 'ya'yanmu suna kan kabu-kabu da amalanke, suna jigilar albasa da tafarnuwa da shinkafa. Idan tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, mu ne masu jinya. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan gwiwa.

Jinin da ke ciyar da ƙafa yana saukowa ne daga zuciya ta wata babbar jijiya da ke cikin cinya. Idan ta iso gwiwa sai ta bi ta baya, daidai wurin da ƙafa ke lanƙwashewa. A nan take fitar da ƙananan rassa guda 5 da ke ciyar da gwiwar, sannan ta rabu ta gangara har yatsu. To, wannan jijiya a ɗaure take sama da ƙasa, kuma tana manne da ƙashi. Idan gwiwa ta goce, ko ƙashi ya karye kusa da ita, jijiyar tana iya yagewa ko ta toshe. Ƙananan rassan nan kuwa ba su isa su ciyar da ƙafa su kaɗai ba.

Ku saurara da kyau. Naman ƙafa ba ya jure rashin jini fiye da kamar awa 6. Idan aka wuce awa 8 ba a gyara jijiyar ba, galibi sai dai a yanke ƙafar. Wani lokaci ma gwiwar takan koma mazauninta da kanta, a ce ai targaɗe ne, alhali ɓarna tana ciki.

Yaya za ki gane? Ki taɓa ƙafafun biyu ki gwada. Shin mai ciwon ta fi sanyi? Ta yi fari-fari ko ta fara duhu? Yana jin ki idan kin taɓa yatsun, yana iya motsa su? Ki danna farcen babban yatsa ki saki. In jini na gudu, launinsa zai dawo cikin daƙiƙa 2. Sai kuma zogi mai tsanani da ba ya lafawa.

Idan kin ga ko ɗaya daga cikin alamun nan, ba lokacin ɗori ba ne. Ba raina masu ɗori nake yi ba, amma ɗauri mai tsauri da kara da tsumma shi kansa yana tare jini, musamman a ƙafar yaro da ke kumbura. In an riga an ɗaure, a sassauta. A shimfiɗa ƙafar, kada a ja, kada a murza, kada a gasa. A dakata da ba shi abinci, don ƙila a yi masa tiyata. A garzaya babban asibiti mafi kusa, in sun ce a wuce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a wuce nan take. Kun san halin hanyoyinmu, kada a bari dare ya yi.

Uwargida, idan maigida ya ce a bari sai gobe, ki lallashe shi, ki gaya masa maganar awa shidan nan. Allah ya tsare mana iyalinmu. Mu kwana lafiya.