Tsohuwar Rigar Ƙwallo Takardar Tarihi Ce



Wasu na ganin tara tsofaffin rigunan ƙwallo aikin wanda ya rasa abin yi ne. Mu ba mu yarda ba, domin riga tana karantuwa kamar takarda. Ratsin baƙi da fari na Juventus daga Notts County ta Ingila aka aro shi a 1903. In kuka ga sunan Hitachi a ƙirjin rigar Liverpool, to ba a ɗinka ta kafin 1979 ba. Dillalin da ya ce muku ta 1970 ce, ku riƙe kuɗinku.

Wahalar ita ce, kafin kamfanin Admiral ya ƙulla yarjejeniya da Leeds United a 1973, ba a cika ɗinka wa magoya baya riguna ba. Ta ɗan wasa ce, a wanke a maimaita har ta yage.

A nan gida, Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978. Wanda ke da tsohon ɗan wasa a danginsa, ya roƙi a buɗe masa akwati kafin gara ta riga mu.