Hoto Shaida Ne

Yau sharhinmu a kan hoto ne, hoton da ke faɗin gaskiya.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ga misali nan Sakkwato. Akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin fuska. Wasu Faransawa biyu masu ɗaukar hoto, Claire Jeantet da Fabrice Catérini, sun zauna da majinyatan, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Sun nuna tabon. Sun nuna uwa zaune bakin gado tana jira. Sun kuma nuna yaron da ya koma wasa bayan tiyata. Aikinsu na cikin abubuwan da suka jawo hankalin duniya. A Disamban 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar noma cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

To, kai matashi mai waya, wannan aiki bai fi ƙarfinka ba. In ruwa ya ci gonar shinkafa a fadama, ɗauka. In rufin aji ya yaye, ɗauka. In an gyara, shi ma ɗauka.

Amma nemi izini tukuna. Kada ka ce wa dattijo, "Baba, ɓata rai," don hoton ya ba da tausayi. Faɗi wuri da ranar da ka ɗauki hoton. Kada ka ɗauko tsohon hoton wata ƙasa ka ce na garin Dogon Daji ne.

Hoto amana ne, jama'a. Mu riƙe ta.