RACCAH ROVERS TA KANO: JAWABI KAN BUƘATAR MATASANMU TA KAFA KULOB

 

Mai girma shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da ku samarinmu da kuka cika bayan zauren nan, muna yi muku barka da zuwa.

Takardar da matasa suka kawo ta iso hannunmu. Suna son kafa kulob na ƙwallon ƙafa da sunan al'ummarmu a nan Jimeta, kuma sun nemi a samo attajiri ɗaya ya ɗauki nauyinsa. To, kafin mu ce e ko a'a, bari mu ba ku labarin wata ƙungiya da iyayenmu da suka zo daga Kano ba sa gajiya da ambato, wato Raccah Rovers.

Sunan Raccah ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwar Kano. Saul Raccah mutumin Tarabulus ne ta Libiya, wanda ya yi fice wajen sayen gyaɗa a zamanin Turawa. Ita kuwa ƙungiyar ta yi tashe ne lokacin da ƙwallo bai zama sana'a sosai ba. Ɗan wasa yawanci ma'aikaci ne a kamfani ko wata hukuma, da yamma ya ɗaura takalmi ya fita atisaye, in an ci wasa a ba shi ɗan hasafi.

Duk da haka ku dubi abin da suka yi cikin shekara uku. A 1977 suka kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, IICC ta Badun ta doke su. A 1978 suka ɗauki kofin lig na ƙasa baki ɗaya, abin da a Arewa Mighty Jets ta Jos kaɗai ta taɓa yi, a 1972. A 1979 suka wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka har suka shiga cikin takwas na ƙarshe. Ɗan wasansu Shefiu Mohammed yana cikin tawagar Green Eagles da ta ci kofin Afirka a Ikko a 1980. Lokacin nan muna yara, jihar nan ma Gongola ake ce mata, a rediyo ake bin wasa, manya sun kewaye shi kamar ana rabon gado.

Daga nan sai shiru. Da aka fara lig na ƙwararru a 1990 babu Raccah a ciki. Sai da aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars, kuma kofin nan bai sake komawa Kano ba sai 2008. Shekara 30 ke nan cur!

Ba ita kaɗai ba ce. Leventis United ta ci lig a 1986, Abiola Babes ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987, amma kafin 1990 masu su sun rufe su. Kun ga waɗannan ba rashin iya wasa ya kashe su ba, mai ba da kuɗin ne ya janye hannu. Mu 'yan kasuwa mun san yadda abin yake: bana ka samu, baɗi kaya su kwanta maka, kuma abin da za ka fara yankewa shi ne wanda ba ya kawo riba.

Saboda haka amsarmu ita ce mun yarda da kulob, ba mu yarda da uban gida ɗaya ba. A buɗe rajista, kowane mai shago ya sa abin da zai iya duk wata, ko kaɗan ne, ma'aji ya riƙa karanta lissafi a gaban taro. Duk yaron da za a ɗauka sai yana makaranta ko yana koyon sana'a, kuma ba atisaye a lokacin Islamiyya. Mai hali da ya so ya sayi riguna ko ya biya kuɗin mota, Allah Ya saka masa, amma ba za a liƙa sunansa a jikin kulob ba.

Littafin rajista yana wurin sakatare, a bakin ƙofa.